Neman Kabarin Mma a Kumasi

SHAFI NA 12

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku kaf, har da na Maman Sadiq da ta ce in na ƙara kwana ɗaya ban saki shafi ba za ta hau mota ta biyo ni Tudun Wada. Ku yi haƙuri, kwana huɗu muka yi babu wuta, sai yau wayar ta samu caji.

Waɗanda suka shigo jiya da yau, ga inda muke. Hajiya Turai, mai turara shinkafa a Tudun Wada, a Kumasi ta ƙasar Gana aka haife ta. Tana shekara biyar gwamnatin can ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Mahaifinta Malam Mamman mai goro ya ɗauko ta ita da yayanta Ɗayyabu suka dawo gida, aka bar mahaifiyarsu Lubabatu, wadda suke kira Mma. Bayan shekara biyu aka ce wa Turai Mma ta rasu. Shekara hamsin da uku tana burin ta je ta ga inda aka binne ta. Bana 'yarta Husna ta cika mata burin. Jiya da yamma suka sauka Kumasi su uku: ita, da Husna, da Yaya Ɗayyabu.

*

Tunda ta idar da sallar asuba Turai ba ta koma ba. Tagar ɗakin masaukin ta buɗe ta tsaya.

Garin bai kwanta a shimfiɗe kamar Tudun Wada ba. Nan hawa, can gangara, rufin kwano masu tsatsa sun bi tudu sun rufe shi, a tsakaninsu itatuwa kore shar kamar yanzu aka wanke su. Iskar ma da nauyi, da ɗanshi, tana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa.

Ta daɗe tana kallo.

"Umma," Husna ta ce daga kan gado, "kin gane wani wuri?"

"Ko ɗaya."

"Ko ɗaya?"

"A cikin kaina Kumasi lungu ɗaya ce, Husna. Lungu ɗaya da ƙofa ɗaya. Ashe gari ne da ya fi ƙarfin idona."

Husna ta yi dariya ta miƙe. Ita Turai ba ta yi ba. Duk tsawon kwana ukun da suka yi a mota, daga Kano zuwa Legas, daga Legas suna tsallake boda bayan boda, ta ɗauka da ta sa ƙafa garin zai gane ta, ita ma ta gane shi. Ga shi yanzu tana tsaye kamar kowace baƙuwa.

Ƙwanƙwasa ƙofa aka yi. Yaya Ɗayyabu ne, sanye da farar riga da ya goge tun daga gida, sandarsa a hannu. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana koyarwa a Kiru, ba mai yawan magana ba. Da ƙyar ma aka shawo kansa ya biyo su, kullum gwiwa yake kawowa dalili.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau, Turai. An tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Ta bi jiki. Yaya, ina so mu fara da maƙabarta. Ni a bakin katanga zan tsaya, kai ka shiga ka yi mata addu'a. In na ga wurin da idona, shi ke nan, sauran yawon na Husna ne."

Ya dubi sandarsa.

"A fara karyawa tukuna. Ba a fita da yunwa a garin mutane."

*

A bakin titi suka samu wata mata mai ƙiba da manyan tukwane a gabanta, mutane sun yi layi. Da layi ya zo kansu ta dubi Turai ta washe baki.

"Hajiya, sannu da zuwa. Me kake so?"

Husna ta toshe baki da mayafi.

"Umma, ke ce fa *kake*."

"Haka Hausar nan take," in ji Ɗayyabu. "Ba ta cika raba mace da namiji ba. Ke ma da ita kika je Tudun Wada, har yara suna tsokanarki."

"Ni?"

"Ke."

Matar ta zuba musu shinkafa da wake a cikin wani faffaɗan ganye, launinta ja-ja, ta ɗora yaji baƙi a gefe. Suka zauna a benci. Turai ta ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ta murza tsakanin yatsu, irin na wadda ta yi shekara arba'in a kan tukunyar turara.

"Da karan dawa suka dafa ta," ta ce. "Shi ya sa ta yi ja."

Ta kai loma ɗaya.

Sai ta tsaya.

Ba ta tauna ba, ba ta haɗiye ba. Ƙamshin ganyen ne ya bugi hancinta, tare da yajin nan mai ɗanɗanon busasshen kifi. Wani hannu ta gani a cikin ranta, siriri, mai awarwaro biyu, yana fifita loma kafin ya kai mata baki. Hannun kawai. Fuskar ta ƙi zuwa.

Mai abincin ta miƙo mata ruwa.

"Medase," Turai ta ce.

Husna ta juyo da sauri.

"Umma, me kika ce?"

"Ban sani ba."

Mai abincin kuwa murna ta kama ta, ta dinga zubo wani yare tana tafa hannu. Turai ba ta gane ko kalma ɗaya ba.

"Godiya kika yi mata," Ɗayyabu ya ce a hankali. "Da yaren mutanen garin."

Turai ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Ashe yana nan a bakina duk shekarun nan. Yaya, tashi mu tafi wurin Mma."

"Kasuwa na kan hanya. Bari in nuna wa 'yar nan inda kakanta ya yi sana'a."

*

Wata ƙaramar bas suka shiga, irin wadda mutanen garin suke kira torotoro. Ta hau tudu, ta gangara, ta kutsa cikin cunkoso, ta sauke su a babbar kasuwar Kejetiya.

Turai ta sha zuwa kasuwar Kwari, ta san Dawanau, amma wannan daban ce. Mata ne ke riƙe da ita. Mata da faffaɗan huluna na kaba suna sayar da doya, da ayaba ɗanya mai tsawon kamu, da katantanwa masu rai suna rarrafe a cikin kwando. Husna sai ɗaukar hoto take.

"Umma, ci suke yi fa!"

"Kowa da abincin garinsu. Sauke wayar nan, kada ki ɓata wa mutane rai."

A ɓangaren 'yan goro Ɗayyabu ya tsaya. Huhuna ne jere, an lulluɓe su da ɗanyen ganye, fari da ja. Nan Hausa ta fi yawa. Ya fara bayani. Nan Baba yake zama. Can motocin Kano suke lodi. Wancan ginin da babu shi, fili ne. Ya faɗi yadda ake zaɓen goro, yadda ake yayyafa masa ruwa, yadda ake gane mai tsutsa. Ya yi ta magana, ya yi ta magana.

Turai ta zuba masa ido.

Mutumin da sai ya wuni a gidanta bai yi jimla goma ba.

"Daga nan," ya ce, "sai mu je ku ga gidan sarkin Asante. Babu nisa."

"Ban zo ganin gidan sarki ba, Yaya."

"Ai tunda an zo..."

"Rana ta take. Yaushe za mu je maƙabartar?"

Kiran sallah ne ya taso daga wajen Zango, unguwar Hausawa. Ya ɗaga yatsa.

"Azahar. A yi sallah tukuna."

*

Bayan an idar suka haɗu a gefen masallacin, ƙarƙashin wata bishiya mai faɗin ganye. Akwai benci. Ɗayyabu ya zauna a ƙarshensa ya jingine sanda.

Turai ba ta zauna ba.

"Husna, je ki samo mana ruwa."

"Ga shi a jaka, Umma."

"To tsaya. Ke ma ba yarinya ba ce."

Ta juya ga yayanta.

"Yaya, sau uku ina cewa maƙabarta. Ka kai ni wajen abinci, ka kai ni kasuwa, ka kai ni masallaci. Ka manta wurin ne? In mantawa ka yi ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Sai mu tambayi tsofaffin unguwa."

Ya sunkuyar da kai.

"Ko an tashe kabarin ne an yi gini?"

"Ba a tashe shi ba."

"To mene ne?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Turai, zauna."

"A tsaye zan ji."

"Babu kabari."

Husna ta dubi uwarta, ta dubi kawunta.

"Kawu, kamar yaya babu kabari?"

"Ranar da aka ce miki Mma ta rasu," ya ce, idonsa a ƙasa, "ba ta rasu ba."

Wata mota ta wuce tana busa. Wani mai sayar da kwakwa ya ratsa ta gabansu da baro. Turai ta bi shi da kallo har ya sha kwana, kamar shi ne ya yi maganar.

Sannan ta zauna.

"Maimaita."

"Kin tuna tasha? Tashar Tudun Wada?"

"Na tuna."

"Duk ranar kasuwa sai ki sulale ki tafi can. Ki tsaya kina leƙa duk motar da ta tsaya, wai Mma za ta sauko. An yi duka, an yi lallashi, kin ƙi bari. Shekara biyu. Har ranar da motar rake ta ja baya ta buge ki."

Turai ta kai hannu ƙaurinta, inda tabon yake.

"Baba ya ɗauko ki jina-jina. Da aka ɗaure ciwon ya kira ni zaure. Ya ce, Ɗayyabu, yarinyar nan mota za ta kashe ta a kan jiran uwarta. Za mu ce ta rasu. In ta yi kuka ta gama, za ta zauna a gida. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ce in dafa."

"Ka dafa."

"Shekarata goma sha uku, Turai."

"Ka dafa."

"Na dafa."

Ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu, sau uku.

"Me ya sa tun farko ba ta biyo mu ba?"

"Tsohon ciki gare ta. Mako biyu aka ba mu. A bayan motar kaya muka taho, a tsaye, kwana da kwanaki. Da ta shiga motar nan da ba ta kai ba. Ita haifaffiyar nan ce, ba wanda ya kore ta. Baba ya ce ta zauna gidan iyayenta, in ta haihu zai dawo ya ɗauke ta."

"Bai dawo ba."

"Ya rasa rumfa, ya rasa kaya, ya koma noma gonar wansa. Farko hali ne babu. Daga baya kunya ce."

"Ciki," Turai ta ce, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Ina da ƙani ke nan. Ko ƙanwa."



Muryarta ba ta ɗaga ba. Ƙasa ma ta ƙara yi, har sai da Husna ta matso.

"Yaya, haihuwa tara na yi. Ko wacce in na durƙusa sai na kira Mma, in tuna tana ƙasa, in yi shiru. 'Yata ta fari Lubabatu na sa mata, na ce na mayar da sunan mamaciya. Duk Juma'a ina sadakar waina saboda ita. A Arfa na ɗaga hannu na ce Allah ya haskaka kabarinta. Kai ka raka ni filin jirgi. Kai na ce wa zan yi wa Mma addu'a, ka ce amin."

"Na ce."

"Baba ya yi shekara ashirin da rasuwa. Rantsuwar ta bi shi kabari ko ba ta bi shi ba, ai malamai suna nan, da ka tambaya."

"Na tambaya. Tun a shekarar. Aka ce in yi kaffara in faɗa miki."

"To?"

"Na yi kaffarar." Ya mayar da tabaraunsa. "Faɗar ce ta gagara. In ce bari sai bayan kaka. Bari sai kin aurar da Lubabatu. Bari sai mijinki ya samu sauƙi. Da ya rasu na ce bari ki fita takaba. Sau nawa na zo gidanki da maganar a bakina, in tarar da ke a gaban tukunya kina dariya da ma'aikatanki, in sha ruwa in koma Kiru."

"Shi ya sa gwiwa ta hana ka tafiya."

"Shi ya sa."

"To me ya sa ka biyo mu?"

Ya ɗago a karon farko. Idonsa ya kaɗa.

"Ni ma uwata ce, Turai."

Husna ta juya baya tana share fuska. Turai ta dubi tsohon nan, furfurarsa, wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. Shi ya goya ta a boda suna yara, lokacin da ƙafarta ta kumbura. Shi ya koya mata rubuta sunanta a ƙasa da tsinke. Ta nemi fushin a ƙirjinta, ta same shi, amma ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Tana raye?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Tun wasiƙarta ta ƙarshe ban ƙara jin..."

"Wasiƙa?"

Ya runtse ido, kamar wanda ya taka abin da bai gani ba.

"Ta rubuto mana?"

"Sau uku. Wani ɗan goro ne yake kawowa. Ni nake karanta wa Baba."

"Me ta ce?"

"Ta farko, ta haihu. Ta biyu, tana tambayar ko kina cin abinci. Ta uku..." Ya murza kan sandarsa. "Ta uku ta ce tunda Baba ba zai zo ba, ita za ta zo ta ɗauke ki."

"An ba ta amsa?"

"Sau ɗaya."

"Me aka ce mata?"

Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar.

"Gidan babu nisa. Mu je, tun ina da ƙarfin zuwa."

*

Bai tambayi kowa hanya ba.

Lungu ya shiga, ya fita, ya sake shiga wani. Suka tsallake kwata a kan katako. Suka wuce mata biyu suna kirɓa sakwara, ɗaya na daka ɗaya na juyawa da hannu. Suka wuce tela, suka wuce makarantar allo, suka wuce wani gida da ake gasa kifi hayaƙi na tashi. Ko'ina Hausa ake yi, irin wadda ta karkace kaɗan. Ana gaishe su, Husna ce kawai ke amsawa.

Turai na tafe tana lissafi a ranta. In Mma tana da ashirin da bakwai a lokacin, yanzu ta haura tamanin. Mutane suna kaiwa tamanin. Gwaggo Balaraba ta Yako ta kai casa'in. Sai ta kori tunanin, don kada ta saba da shi a raba ta da shi kafin la'asar.

A gaban wani tsohon gida mai fentin ruwan ƙasa Ɗayyabu ya tsaya. Gefe ya koma ya jingina da bango.

Wata mata ce zaune a ƙofar gidan a kan kujera 'yar tsugunno, tana tsince wake a faranti. Za ta yi hamsin da 'yan kai. Ta ɗago kai.

Husna ta damƙe hannun uwarta.

"Umma..."

Goshin ne. Da hancin. Da wushiryar da ta bayyana lokacin da matar ta buɗe baki za ta amsa sallama.

"Wa alaikumus salam. Sannunku. Wa kuke nema?"

Turai ta matso taku ɗaya.

"Nan ne gidan Lubabatu?"

"Mma Luba? Nan ne."

"Tana... tana nan?"

"Tana ciki. Yanzu ta idar da sallah, ta ɗan kishingiɗa."

Turai ta yi baya za ta faɗi. Ba don Husna ta tare ta ba da ta kai ƙasa. Matar ta ajiye faranti ta miƙe da sauri.

"Subhanallahi! Hajiya, lafiya? Daga ina kuke?"

"Daga Najeriya," in ji Husna. "Daga Kano."

Wani abu ya gilma a fuskar matar.

"Ni Zahra'u ce, 'yarta. Ku su wane ne?"

Turai ta miƙe da kanta. Ta gyara mayafi.

"Ni ce Turai. Turai ta Mamman mai goro. Yayarki ce ni."

Zahra'u ta yi baya taku ɗaya. Fara'ar ta ɗauke gaba ɗaya. Ta dubi Turai daga sama har ƙasa, sannan ta matsa ta tare bakin ƙofa da jikinta.

"Hajiya, a ji tsoron Allah. Tsohuwar nan ba ta da abin da za a zo nema a wurinta."

"Ba abin da na zo nema. Ni ce..."

"Turai ta mutu."

"Me kika ce?"

"Turai ta mutu tun ina goye. Ƙyanda ce ta kashe ta a Tudun Wada, tana shekara bakwai. Mma ta haɗa kaya za ta je ɗauko ta, wasiƙar ta riske ta a tasha. Tana nan cikin akwatinta har yau. Duk watan azumi sai ta sa na karanta mata, ta yi kuka, ta yi sadaka."

Turai ba ta motsa ba.

"Wa ya rubuto?"

"Yayanmu. Ɗayyabu. Da hannunsa, har da sa hannu a ƙasa."

A hankali Turai ta juya.

Yaya Ɗayyabu ya zame daga jikin bango ya durƙusa a kan gwiwar da yake cewa tana ciwo. Hularsa a hannu, sandar a ƙasa. Bai ɗago ba.

Daga can cikin gidan wata murya ta taso, siririya, tana rawa.

"Zahra'u!"

"Na'am, Mma."

"Wane ne a ƙofa yake kiran sunan yarinyata?"

Sai ƙarar sanda a kan siminti. Ɗaya. Biyu. Uku.

Labulen ya motsa.